Giwar da Ba Ta Kuskure

Da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɓoye ruwa a ƙarƙashinta, bai kuma gaya wa kowa inda ya ajiye shi ba. Ku matso ku gyara zama, mai goro ya ɓara, marar goro ya tauna haƙuri. Ni ne Anaruwa ɗan Mantau, jikan masu haƙar rijiya na Kurmin Gaude, ga kuma labarin abin da idona ya gani a bakin Kogin Barmanda, can bayan sahara ta bakwai.

An haife ni ana ruwa, shi ya sa aka sa mini sunan, daga ranar kuma ruwa ya sallame ni. Ubana in ya tsaya a fili ya dubi ciyawa, ya dubi gidan tururuwa, sai ya dunguri ƙasa da dunduniya ya ce a haƙa, kafin gaba shida an tarar da idon ruwa. Da ya rasu aka miƙo mini daginsa. Na haƙa rijiya bakwai a jere, kowacce gefenta sumul, matakanta daidai, amma ba wadda ta ba da ko danshin da zai jiƙa farce. Aikin hannu kam ba wanda ya fi ni, inda za a sa hannun ne ban sani ba. Ta bakwai ma wani ya mai da ita rumbu, ya biyo ni har gida yana godiya, wai bai taɓa ganin wuri mai bushewa irinta ba. Dattawan gidanmu suka zauna suka yanke cewa kada in sake huda ƙasar Kurmin Gaude sai na koyo sanin ruwa. Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, har na kwana uku ban ci tuwon gidan ba, na maƙwabta na riƙa ci.

Ina cikin wannan hali wasu fatake suka sauka a garinmu, suka ba ni labarin wata tsohuwa a Barmanda da ake kira Yakumbo. Suka ce shekara sittin tana nuna inda ruwa yake a tsakiyar rairayi, ba ta taɓa kuskure ba ko sau ɗaya. Ban tsaya tambayar komai ba. Na saɓa dagi, na naɗe igiya, na kama hanya da niyyar ba zan dawo ba sai da abin da ke cikin kanta.

Wata shida ina tafiya na isa Birnin Gishiri, inda gidaje da ganuwa da karagar sarki duk na gishiri ne. Mutanen birnin ba abin da suke tsoro kamar ruwa. Daga nesa ake kawo musu na sha a salka, wanda kuka ya zo masa kuwa sai ya fita bayan gari. Da dogarai suka ga dagina suka ji sana'ata, sai suka kai ni gaban sarki a ɗaure, wai maƙiya ne suka aiko ni in narkar da gari. Na rantse cewa ban taɓa samun ruwa ba, ba su yarda ba. Na ce to a gwada ni. Suka kai ni kwarin da suka fi tsoro, na haƙa gaba tara da zuciya ɗaya, ina ma addu'ar in samu ko da za a kashe ni, ƙura kawai ta fito. Sarki ya yi murna, ya ba ni riga da raƙumi, ya ce in zauna a naɗa ni Sarkin Fari. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar da aka yabe ni ba. Washegari da hantsi na ce zan zaga gari, na yi gaba ban waiwaya ba.

Wata biyar bayan haka raƙumin ya mutu, na ci gaba a ƙafa. Ranar da na hango koren goriba da gawo jere a tsakiyar rairayi, ranar ce kuma wani zaki ya hango ni. Na zura da gudu ya biyo ni, dagi na dukan bayana, har na gangara gaɓar kogi. Sai ga wani abin mamaki: dabbobi a jere sahu guda, tun daga bakin wani ɗan tafki har inda ido ya gaza. Giwaye a gaba, sai ɓauna, sai raƙuman dawa, damisa na tsaye bayan barewa tana hamma, kura na bayan jimina ba ta ko kallon cinyarta. Na lura ba mai taɓa wani, sai na yi wuf na kutsa tsakanin wata gada da wani gwaggon biri na tsaya ƙyam. Zaki ya iso yana haki, ya dube ni, ya dubi sahu, ya yi tsaki irin nasu ya wuce wurinsa. Ban gama hamdala ba gwaggon birin ya ɗauke ni da mari, ya nuna mini baya da yatsa.

Na yi ta ja da baya har na wuce birai duka, a nan na tarar da mutane da tulunansu. Bayansu dabba ɗaya ce kawai ta rage, gyado, wato mugun dawa, yana tsaye kansa a sunkuye. Wata tsohuwa mai suna Inna Tasalla ta matsa mini wuri. Ba ta dubi fuskata sosai ba, dagin ta yi ta kallo. Ta tambayi sana'ata, na gaya mata gaskiya har da rijiyoyin nan bakwai. Ba ta yi dariya ba. Sai ta tambaye ni gaba nawa nake haƙawa a wuni, da kuma ko na iya tare yashi kada ya rufta. Na ɗauka ba'a ce irin ta tsofaffi, na dai amsa mata. Ta ce tana da ɗaki da ba kowa, in zo in sauka.

Na ce mata wurin Yakumbo na zo neman ilimi, a wane gida take? Ta ɗaga sandarta ta nuna mini kan sahu. Wata tsohuwar giwa ce, fatarta ta yi mata yawa, haurenta ɗaya ya karye, ɗayan ya cinye saura kamu guda. Fataken nan ba su yi mini ƙarya ba, sun dai ɗauka kowa ya sani. Na zauna a kan yashi na riƙe kai. Wata goma sha ɗaya ina tafiya don in durƙusa gaban malamar da ba ta ko amsa sallama.

Ga yadda zaman Barmanda yake. Kogin yakan zo daga wasu duwatsu da ba wanda ya taɓa gani, ya yi kwana arba'in yana gudu, sannan ya yanke ya zama tafkuna, tafkunan su yi ta ƙafewa ɗaya bayan ɗaya. Kadoji su shige ramukan gaɓa su rufe ido sai baɗi. Dorina su cushe a tafkin ƙarshe suna gunaguni, in ya zama laka su kwanta a ciki. Mariri da jakin jeji su gangaro daga tudu, yanyawa ta fito da kunnuwanta, tunku da beguwa da dila kowa ya san bayan wa yake tsayawa. In tafkin ƙarshe ya ƙafe, sai Yakumbo ta shiga tsakiyar kogi ta tona rami guda, ruwa ya ɓuɓɓugo, shi kowa zai sha har kogi ya dawo. Mutanen wurin ba su taɓa haƙa rijiya ba, ba su ma da kalmar. Ni da nake taƙama da dagin gado, giwa a garin wani zomo ce, balle a garin giwar.

Na tambayi abin da ya sa gyado ke ƙarshen sahu. Aka ce ai hukunci ne. Kowace shekara, wai, in Yakumbo na aikinta, shi ma sai ya bi gefe yana kwaikwayo, ya cika kogi da busassun ramuka. Babu zagin da ya fi zafi a Barmanda kamar a ce wa mutum ɗan gyado. Tun daga ranar, in na haɗa ido da dabbar nan sai in ji kamar ɗan'uwana ne na ɗaki ɗaya.

Na yi wata guda ina bin Yakumbo. Na kakkaɓo mata 'ya'yan gawo, na dubi inda take taka ƙafa, na shinshina abin da take shinshinawa, har kashinta na tona ko zan ga wani sirri. Ladan da na samu shi ne ta watsa mini ƙura sau biyu. Na je wurin Maisahu, dattijon da ke kula da jerin mutane, na roƙe shi ya gaya mini yadda take zaɓen wuri. Ya dube ni kamar na tambaye shi launin iska. Ya ce ba a kallon babba yana aiki. Ranar da tafki ya ƙafe, duk gari kan tafi bayan wani tudun rairayi a zauna a juya wa kogi baya, ba mai waiwayawa sai an ji kukanta. Wannan shi ne Juya Baya. Wanda ya leƙa kuwa, a cire shi daga sahu sai kogi ya dawo. Na lissafa watannin a zuci, na ga ba hukunci ba ne, jana'iza ce.

Tafki ya ƙafe, muka tafi bayan tudu, kowa da gorar ruwansa. An ce mini kwana biyu ake yi. Muka yi biyu, muka yi uku. Ran na huɗu da safe gorunan sun koma ƙara in an girgiza, jarirai sun daina kuka saboda ba ƙarfi, amma ba wanda ya motsa. Suna zaune suna hira ƙasa-ƙasa, wai Yakumbo tana zaɓo mai daɗi ne. Ni kuwa zuciyata na tafasa. Ilimin da na ƙetare sahara bakwai dominsa yana nan bayan ƙeyata, taku ɗari biyu, an ce kada in juya.

Sai dabara ta zo mini. Na dafe ciki na fara nishi, na ce wa Inna Tasalla cikina ya ɓaci. Ta ɗaga murya yadda na kusa za su ji ta ce in tafi can nesa bayan itatuwan aduwa, in daɗe, kada in dame su da wari. Ta jawo dagina daga ƙarƙashin tabarma ta miƙo mini, wai a nan ana binne abin da aka yi da zurfi. Na tafi ina dariya a ciki, ina cewa na yi wa tsohuwa wayo.

Na zagaya ta bayan aduwa na kwanta rub da ciki na leƙa. Dabbobi sun yi da'ira a gaɓa, shiru kamar masallaci. A tsakiya Yakumbo na tona da ƙafa, tana soka guntun haurenta, tana kwasowa da hannu, yashi na komawa. Na ƙirga ramukan da ke bayanta, goma sha huɗu, duk busassu. Gyado kuwa yana kwance ƙarƙashin wata bagaruwa, ko ƙasa bai taɓa ba. Ina kallo ya tashi ya shiga ɗaya daga cikin ramukan don sanyi ya ci gaba da barcinsa.

Da fari dariya ce ta kama ni, irin ta mugunta, har na ciji hannun rigata. Sannan haushi ya zo, na tuna raƙumina da tafin ƙafata. Sai Yakumbo ta bar ramin da take ciki, shi ma babu komai, ta tsaya tana rawar ƙafa, ta juya ta dubi garkenta da sauran dabbobin da ke jira. Na san kallon nan. Sau bakwai na fito daga rami na yi wa mutanen garinmu irinsa. Ban san lokacin da na miƙe na gangara ba.

Na zaci za ta tattake ni. Ta shinshina dagin, ta saki wani dogon numfashi, ta naɗe ni da hannunta ta ajiye ni a cikin wani rami, kamar mai gidan da lebura ya makara. 'Ya'yanta suka karyo rassan gawo suna jefo mini ba tare da na roƙa ba. Na kafa su a gefe na tare yashi, na tuɓe rigar Sarkin Gishiri na mai da ita buhu, ina cikawa tana ɗagawa. Gaba biyu, babu. Ta ciro ni ta sa ni a wani. Gaba uku, babu. Na dube ta ta dube ni, jahilai biyu a tsakiyar rana. Harshena ya zama kamar busasshiyar fata, tafin hannuna ya fashe. A rami na uku, rana ta karkata, na soka dagi na ji ya shige da wani taushi da ban taɓa ji ba. Na zaro shi bakinsa baƙi. Na sake sokawa, sai sanyi ya rufe mini yatsun ƙafa, ya hau idon sawu. Na tsaya a ciki na yi kuka kamar an yi mini mutuwa, don shekarata talatin da huɗu ban taɓa tsayawa cikin ruwan da na haƙo ba.

Ba ta bar ni na gama kukan ba. Ta ciro ni ta dire a gefe, ta tattake bakin ramin ya yi gangare yadda kowa zai iya sauka, ta tura ni wajen aduwa da goshinta. Sai da ta ga na ɓace sannan ta ɗaga hannu sama ta yi kukan da ya girgiza goriba.

Na koma bayan tudu na tarar an miƙe ana guɗa. Muka gangara, mata na yi mata kirari, Yakumbo mai bugu ɗaya, wadda ƙasa ba ta ɓoye wa sirri. Maisahu ya zagaya yana ƙirga busassun ramuka, ya ce bana haukan gyado ya ƙaru. Ya tsaya bakin ɗaya daga cikin biyun da na zurfafa, ya leƙa, ya kira mutane su zo su ga abin dariya, wai har da matakala ya yi, kamar mai hankali. Aka yi ta dariya ana tofar da yawun da babu. Maganar ta taso mini har maƙogwaro. Rijiyata ta fari mai ruwa ke nan a duniya, mutum ɗari huɗu da dabba ba iyaka za su rayu da ita, in kuwa na buɗe baki, ni kaɗai ne ba zan sha ba. Na bi sahu bayan gwaggon birin da ya mare ni, na sha sauransa.

Da la'asar sakaliya ina zaune a tsakar gida, Inna Tasalla ta ajiye mini ƙwarya da ɗan ruwa, ta ce in wanke farcena kafin Maisahu ya zo gaisuwa, laka ce a ciki. Na yi wuf na ɓoye hannuwana.

Ta ce, "Mijina Nomau, shekara talatin da ɗaya, duk Juya Baya sai cikinsa ya ɓaci. Kafin shi kawunsa ne. Daminar nan da ta wuce ya rasu. Nomau mai zawo ake ce masa, da sunan aka binne shi."

Na ce, "Inna, to sanin ruwan fa? Shi na zo nema."

"Ɗana, da akwai shi, da ta wahalar da kanta kwana huɗu? Tana tonawa ne, ana taya ta, har Allah ya ba da."

Na tambaye ta me ya hana a gaya wa mutane gaskiya, ko gyado ya huta. Ta ce mutanen da suka yarda Yakumbo ba ta kuskure za su zauna kwana huɗu da ƙishi suna hira. Ranar da suka san laluben take yi, tun kwana na biyu za su gangara da masu su yi faɗa da zaki a kan jiƙaƙƙen yashi, sahu ya watse, ba wanda zai kai baɗi. Ta ce gyado ya saba, shi ba ya jin Hausa. Daga nan ta gaya mini ayari zai tashi zuwa kudu nan da kwana goma, ba ta riƙe ni ba, amma ita dai ba ta ga wani dagi a garin ba.

Kwana tara ina ɗaure kaya ina kwancewa. In na tafi gida, ba ni da ilimin da zan nuna, ba ni da shaidar da za ta ce na taɓa samun ruwa. In na zauna, zan samu ruwa kowace shekara, sunan kuma na wata ne. Ran na goma na raka ayari har bakin gari da kayana a kai. Hanyar ta bi ta gefen ramin, Yakumbo na tsaye a inuwa tana kaɗa kunne, ƙafafunta na baya har yanzu suna rawa. Ko kallona ba ta yi ba. Na ce wa madugu na manta wani abu, su yi gaba.

Shekara ta zagayo, kogi ya zo ya tafi, muka koma bayan tudu. Ran kwana na biyu da hantsi na dafe ciki na fara nishi. Maisahu bai ko juyo ba, ya ce Allah ya sawwaƙe, gidan Tasalla dai ba sa rabo da zawo, ko a tuwonta yake? Duk gari aka kwashe da dariya, kowa bayansa a juye. Wata mata ta ce baƙon nan ba shi da amfanin komai sai ci, ɗan gyado kawai. Na karɓi dagina daga hannun tsohuwa, na sunkuyar da kai na bi ta bayan aduwa.

Haka na yi shekara goma sha tara, sai da na samu wanda zan bar wa ciwon cikin sannan na fito. Nan hikayata ta tsaya. Wanda ya gaskata Allah ya shayar da shi, wanda ya ƙaryata shi ma ya sha, ba ni da shaida ko ɗaya.